Muhawara: Shin koci da liman sun wadatar da ɗan wasan da zuciyarsa ta karaya?

Koci, daga Aboabo:
Assalamu alaikum. A zaman kwamitin ƙungiyarmu na makon jiya an kawo shawarar a riƙa cire wani abu daga kuɗin karo-karo ana biyan masanin halayyar ɗan Adam, ya riƙa zama da yaranmu sau biyu a wata. Na ƙi, kuma ga dalilina a gaban kowa. Shekara 19 ke nan ina horar da yara a filin ƙasa a nan Kumasi, kuma ban taɓa ganin yaron da ya zubar da fenariti ya kasa dawowa ba, muddin an bar shi ya yi kukansa, an kira shi bayan sallar Isha'i an yi masa nasiha, Malam kuma ya yi masa addu'a. Ku tuna ranar 2 ga Yuli, 2010 a Johannesburg, a wasan Ghana da Uruguay na kofin duniya, lokacin da fenaritin Asamoah Gyan ya daki ƙarfen sama a ƙarshen ƙarin lokaci, Afirka duka tana kallo. Mintuna kaɗan bayan haka shi ne ya fara ɗaukar wa Ghana ƙwallo a bugun daga kai sai gola, ya kuma zura ta. Irin wannan zuciyar ba a sayenta a asibiti. Kuɗin nan takalma da magungunan targaɗe sun fi cancanta da shi.

Tsohon gola, daga Asawase:
Kawu, ka tsaya a tsakiyar labarin. A 2012, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, golan Zambiya Kennedy Mweene ya tare wani fenaritin na Gyan, aka cinye mu ɗaya da nema, kuma zagin da ya biyo baya ya sa ya janye daga Black Stars, tawagar ƙasar Ghana, na wani lokaci. Mutumin da ya ci wa Ghana ƙwallo 51, fiye da kowa, shi ma abin ya kai shi bango.

Bari in faɗi nawa, tunda ba a san zafin wuta a bakin wanda bai ƙone ba. Ina shekara 24 gwiwata ta lalace, ƙungiyar da nake yi wa wasa ta daina ɗaga wayata, na yi wata takwas barci ba ya ɗaukata sai an kusa kiran assalatu. Tiramol ɗin da na fara sha don ciwo ya koma abin da nake sha don in manta. Kocina mutumin kirki ne, amma ban faɗa masa komai ba, domin shi ne ke rubuta sunayen waɗanda za su shiga fili ranar Lahadi, kuma babu golan da zai je wurin mai riƙe da alƙalami ya ce masa hannuna na rawa. Robert Enke, golan Hannover 96 da tawagar Jamus, ya ɓoye ciwon damuwarsa shekara da shekaru saboda tsoron abin da zai rasa idan aka sani, har ya kashe kansa a watan Nuwamba na 2009 yana da shekara 32. Alhali yana da koci, da likitocin ƙungiya, da kuɗi.

Liman, daga Sabon Zango:
Koci, kada ka jingina hujjarka da ni ba tare da ka tambaye ni ba. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauka a kan mutum babu dalili bayyananne, ya ce na biyun yana buƙatar magani. Matasan 'yan ƙwallo suna zuwa wurina, kuma mafi yawansu da magana ɗaya suke zuwa, wai wani abokin wasa ya yi musu sammu ya ɗaure musu ƙafa. Ina yi musu addu'a, ina kwantar musu da hankali, amma wanda ya rame, ya daina cin abinci, yana ambaton mutuwa, asibiti nake tura shi tare da babban yayansa.

Malamin makaranta, daga Tafo:
Ni ina bayan Koci, ko da yake dalilina daban ne. Black Stars sun je kofin duniya a Brazil a 2014 da masanin halayya a cikin tawaga, amma me ya faru? Rigimar alawus ta turnuƙe har sai da gwamnati ta aika da dala miliyan 3 a jirgin sama, aka kori Sulley Muntari da Kevin-Prince Boateng daga sansani, muka dawo da maki ɗaya. Damuwar ɗan wasanmu na gida yawancinta ta aljihu ce: albashin da ba a biya ba, da dillalin da ya karɓi kuɗin gonar uwarsa ya yi masa alkawarin Turai ya ɓace. A biya yaro haƙƙinsa tukuna, sannan mu ga ko zai nemi wanda zai saurare shi.

Ma'aikaciyar jinya, daga Sawaba:
Malam mai makaranta, gaskiyarka ce cewa hira ba ta biyan bashi, sai dai ina ganin ayyuka biyu ne aka cakuɗa tun farkon muhawarar nan. Na farko shi ne horar da tunani domin wasa, wato yadda ɗan wasa zai daidaita numfashinsa, ya tattara hankalinsa kafin ya buga fenariti, kuma wannan koci ma yana iya koyonsa ya koyar. Ƙasar da ta rasa kofin Afirka a bugun daga kai sai gola sau biyu a hannun Ivory Coast, 11 da 10 a Dakar a 1992, sannan 9 da 8 a Bata a 2015 bayan mun yi gaba da biyu, ba ta da hujjar raina wannan fanni. Na biyu shi ne jinyar cuta: ciwon damuwa, fargaba mai tsanani, rashin barci, shaye-shaye. Idan mutum ya kai mako biyu yana cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so ya fita daga ransa, barcinsa da cinsa suka canja, to ya wuce nasiha.

Dalilin da ya sa ake son mai jinyar ya san harkar wasanni shi ne wasu magungunan suna kawo ƙiba, ko kasala, ko rawar hannu, abin da zai iya kashe sana'ar gola ko ɗan damben unguwar Bukom ta Accra, wasu kuma suna cikin jerin haramtattun hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni. Tiramol ɗin da yayana ya ambata an haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka, ta janye daga yawancin wasanninta a gasar Olympics ta Tokyo a 2021 saboda jikinta ya daina bin umarnin ƙwaƙwalwarta a cikin iska, aka kira ta matsoraciya, ta nemi kulawa, ta dawo Paris a 2024 ta ɗauki zinare uku da azurfa ɗaya.

Ba kuma sai an je manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ko Accra ba. Tun dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 aka karkata ga kula da mutane kusa da gidajensu, akwai sashen wannan jinya a asibitin Komfo Anokye, akwai nas-nas ɗinta a asibitocin gundumomi. A 2023 ma majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, saboda haka iyaye su daina ɓoye yaro don tsoron 'yan sanda.

Koci, daga Aboabo:
Hajiya, na ji, kuma maganar ɗana gola ta taɓa ni, don ban san ya shiga wannan halin ba alhali muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Ni kaina tun hatsarin motar ƙungiyar Asante Kotoko a kusa da Nkawkaw a watan Yuli na 2017, wanda ya ci ran ɗaya daga cikin ma'aikatansu, ba na iya runtsawa idan muna dawowa daga wasa da dare, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Amma ga abin da ke tsaye mini a rai. A zangonmu, ranar da aka ga yaro ya fito daga wancan sashen, an gama yi masa suna, dillali zai guje shi, gidan da yake neman aure ma za su ji. Sannan idan yarona yana cikin hatsari, ta yaya za a ce baƙo ya sani ni ban sani ba, alhali ni iyayensa suka damƙa wa shi?

Ma'aikaciyar jinya, daga Sawaba:
Kawu, ƙa'idar aikin ta amsa maka. Abin da yaro ya faɗa sirri ne, sai dai idan ransa ko ran wani yana cikin hatsari, to a nan dole a sanar da wanda zai kare shi, kuma wanda bai kai shekara 18 ba da yardar iyayensa ake fara ganinsa. Batun tsangwama kuwa, idan duk yaran ƙungiyar ne ke shiga ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake duba tsokarsu kafin kakar wasa, babu wanda za a nuna da yatsa.

Tsohon gola, daga Asawase:
Sharaɗina ɗaya ne: kada wanda zai zo ya riƙa kai rahoto ga Koci ko ga shugaban ƙungiya, kada kuma a yi zaman a bakin fili inda kowa zai ƙirga mintunan da wani ya yi a ciki. In ba haka ba, yaran za su shiga su ce lafiya lau, kamar yadda na yi ta faɗa wata takwas.

Koci, daga Aboabo:
Kuɗin takalma ban yarda a taɓa ba, wannan ina nan a kai. Idan Hajiya za ta nemo mana nas ɗin gunduma, Malam kuma ya ba mu ɗakin makarantar allo ranar Alhamis da ba a karatu, zan kawo yaran da kaina in tsaya a waje. Batun cewa ba za a gaya mini komai ba kuwa, har yanzu bai kwanta mini ba, zan sake tayar da shi a zaman kwamiti na ranar Asabar.