Yaya zan rubuta katin dinar rihazal ban ɓata da dangi ba?

Goggon ango: Assalamu alaikum ƴan uwa, a taimaka min, kaina ya ɗaure. Bikin ɗan yayana ne a nan Houston. Ni na riƙe shi tun yana shekara tara da mahaifinsa ya rasu, ni na kawo shi Amurka, har aikin dare na yi a gidan kula da tsofaffi saboda karatunsa. Yarinyar Ba'amurkiya ce, mai hankali. An ɗaura aure a masallaci, saura taron ɓangarensu wata Asabar mai zuwa. Uwarta ta ce a al'adarsu, ana gobe biki ake gwada yadda za a shigo da amarya da inda kowa zai tsaya, daga nan dangin ango su ciyar da mutane, wannan cin abincin shi ake kira dinar rihazal. Na kama wurin mutum 40, kowane kai da kuɗinsa. Na rubuta "Iyalan marigayi na farin cikin gayyatar ƴan uwa da abokan arziki", sai ta ce a'a, kowane kati da sunan mai shi. Da wane baki zan ce wa mutanenmu "ke kaɗai"?

Hajiyar Bronx: Wa'alaikumus salam. Surukarki ta yi daidai. Wannan ba walima ba ce. Ƙawayen amarya ne da abokan ango, iyaye, sai baƙin da suka zo daga nesa. Ki rubuta: "Goggon ango na gayyatar wance cin abincin dare", sai rana, lokaci, adireshi, da ranar ƙarshe ta ba da amsa. Ki aika saura sati huɗu. Kada ki kuskura ki saka shi a WhatsApp.

Maman biyu: Ni dai ban yarda ba. Bikin ƙanwata aka yi min haka, kati da suna, aka tsayar da mijina a ƙofa ana duba takarda. Har yau ban taka gidansu ba.

Goggon ango: Hajiya, ai na riga na tura wa matan tafsirinmu. Su suka tsaya min lokacin rasuwa. Kuma sunan marigayi ba zai fita daga katin nan ba.

Hajiyar Bronx: Su nawa ne? Sunan marigayi ki bar shi, ba shi ne damuwa ba. Amma in kujera 40 ce mutum 70 suka zo, a gaban surukai za ki ji kunya. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ki yi musu walima daban ranar Lahadi.

Kawu daga Kaduna: Baiwar Allah, abin da ba ki faɗa ba: za a kawo giya wurin? Ki fara sanin wannan kafin maganar kati.

Maman biyu: Ki ƙara kujeru kawai, baƙo da arzikinsa yake zuwa.

Goggon ango: Kawu, ban tambaya ba tukuna. Walimar Lahadi kuma da wane kuɗi? Yanzu ma ɗaya daga cikinsu ta kira ni, tana tambayar kalar ankon.