Mabuɗin Baba, mai amsa ya amsa

Ɗan Rigasa:
Salam 'yan uwa, jiya ina gyaran akwatin marigayi Baba na ci karo da mabuɗin tsohon gidanmu na Kakuri, can tsallaken kogin Kaduna, wanda muka baro a rikicin 2000, an ɗaure shi da tsumman atamfa, wlh kasa barci na yi shi ne na ɗan taɓa wannan. A amsa da "wa" don Allah.

Baba ya bar mani ɗan mabuɗi,
Ƙofar ko wuta ta gama cinyewa.
Ya bar mani ƙanne bakwai da Inna,
Da bashin da ban ga ranar ciyowa.
Bai yarda mu haye gadar Kaduna ba,
Yau ni ma ƙafata tana noƙewa.

'Yar Tudun Wada:
Allah sarki yaya, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi.

Namu uban, masaƙa ya yi wa bauta,
Shekara ashirin yana ta saƙawa.
Aka rufe, ya adana katin aiki,
Haƙƙin sallama shiru ba samuwa.
Ina ɗinki a Kasuwar Barci,
Katin na jakata, na kasa yarwa.

Kawu Na Kawo:
Ku yara kuna sa tsoho hawaye da sassafe, ko shayi ban sha ba. To ku ji nawa, baitin ya ɗan karye amma ku yi haƙuri.

Bashin mamaci a biya shi tilas,
Tun kafin gado a zo rabawa.
Ƙanne amana ne, riƙe su ɗana,
Da Inna, kar ka bar ta tana kokawa.
Amma shi tsoro ba ya cikin kaso,
Wane alƙali ka ji yana lissafawa?

Ɗan Rigasa:
Kawu na ji, amma faɗa ya fi yi sauƙi fa, kai ba ka ga idon Baba ba duk ranar da aka ambaci tsallaken kogi, abinci ma ture shi yake.

Asabar in Allah ya kai mu zan je,
In hau Keke Napep ba waiwayawa.
Maman Bulus da ta ɓoye mu a ɗaki,
In tana raye zan je gaisarwa.
Mabuɗin dai Inna ta ce in bar shi,
Ta karɓe, ta ƙulle a haɓar zani ba bayarwa.

'Yar Tudun Wada:
Hhh baitin ƙarshen nan ya fi zanin Inna tsawo. Asabar ƙarfe nawa? Ka biyo ta shago in ba ka turmi ɗaya ka kai wa Maman Bulus.