Neman asalin wani kaka a gundumar Esmeralda, jihar Nevada

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman taimako. Matar yayana ba'amurkiya ce, tana so ta haɗa wa yaranta tarihin danginta, to an ce kakan kakanta ya yi haƙar zinariya a Goldfield wajejen 1906, a gundumar Esmeralda. Mun duba ƙidayar 1900 babu shi, ta 1910 ma babu, kamar bai taɓa taka garin ba. Wai gundumar da ƙidayar 2020 ta ce mutum 729 ne kacal a cikinta, ta yaya mutum zai ɓace a nan?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ai 729 ɗin nan ne ya ruɗe ki. A 1902 aka gano zinariya a wurin, kafin ka ce kwabo mutane sun yi ca, zuwa 1906 Goldfield ta kai wajen mutum 20,000, a lokacin duk Nevada babu garin da ya kai ta. Har dambe aka yi a garin shekarar nan, Joe Gans da Battling Nelson, turmi 42. To amma ƙidayar Amurka duk shekara 10 ake yi, a 1900 garin ma babu shi, kafin 1910 kuma harka ta fara ja baya jama'a sun watse, gundumar gaba ɗaya ba ta kai 10,000 ba. Kin ga wanda ya zo 1905 ya tafi 1908 babu malamin ƙidayar da ya same shi a can. Ku neme shi a 1910 a wasu garuruwan ma'adinai, ku fara da Tonopah, kusa ne amma a gundumar Nye take.

Baban_Zarah:
Gaskiya Malam ya faɗa, sai dai ku kula da maganar iyaka don ta wahalar da mutane da yawa. An kafa gundumar a 1861 hedikwatarta na Aurora, daga baya ta koma Hawthorne, sai 1907 aka kai ta Goldfield, a 1911 kuma aka yanki arewacinta aka yi gundumar Mineral, saboda haka wata takardar za ki ga an rubuta Esmeralda alhali wurin yau yana Mineral. An yi ambaliya 1913, gobarar 1923 ta cinye yawancin garin, amma ginin kotun na dutse da aka yi 1907 ya tsira, har yau a ciki ake aiki. Takardun aure da na filayen haƙa can ya kamata ku rubuta ku tambaya.

Anti_Bilki:
Ƙanwata kar ki sa rai da satifiket ɗin haihuwa ko na mutuwa daga jiha, sai 1911 Nevada ta fara wannan rajistar, kafin nan sai abin da gunduma ta ajiye. Ni abin da na fi yarda da shi katin rajistar soja na 1917 da 1918, in shekarunsa sun shiga, don akwai adireshi da ranar haihuwa da sa hannunsa, kyauta ake gani a FamilySearch, shafin intanet na binciken tarihin dangi. Sannan ku riƙa juya rubutun sunan, masu ƙidaya yadda suka ji suke rubutawa musamman in baƙo ne daga Turai.

Maman_Hanif:
Allah ya saka da alheri. Anti, ta ce daga Italiya ya zo, yanzu zan sa ta tambayi mahaifiyarta yadda ake rubuta sunan tun asali, Tonopah ɗin kuma yau da dare za mu duba in sha Allah.