Bututun gas a tsakiyar unguwa, me ake tsoro?

Dan_Birni: Jama'a don Allah me yasa duk inda za a binne bututun gas cikin gari sai mutane su tada ƙayar baya? Ai cigaba ne.

Injiniya: Malam tsoron fashewa ne. A 2010 bututu ya fashe a San Bruno ta Amurka, mutum 8 suka mutu gidaje suka ƙone, gashi gas ɗin asali ba ya wari sai an zuba masa sinadari kafin a ji yoyo.

Maman_yara: Ni diyya ce damuwata, a karɓe maka fili a hana ka gini kan layin, gas ɗin ya wuce wani gari ko na girki baka samu ba.

Dan_Birni: To tankokin da ke yawo a titi fa, su basa kamawa da wuta?