Igwa ko atilare? Da kuma wata kalma da ta ƙi zama

Jama'a ku taya ni da wannan. Ina fassara wani ɗan rubutu kan rundunar Royal Artillery ta Birtaniya, tarihinta da bajin da suke maƙalawa a hula, sai kalmomi uku suka tsaya min a wuya.

Ta farko ita ce artillery ɗin kanta. Kullum a labarai sai ka ji "makaman atilare", har kunne ya saba, to amma ni dai ban ga dalilin aro ba tunda muna da igwa. Tsofaffin soja igwa suke cewa, kuma ka faɗa wa kowa an harba igwa ya san ba bindigar kafaɗa ake nufi ba. Wani ɗan'uwa ya ce min ai atilare ta fi faɗi, ta haɗa da rokoki da makaman kakkaɓo jirage. Gaskiyarsa ne ta wani ɓangaren, sai dai su ma Turawan da suka kafa rundunar a Woolwich, wadda ke cikin London a yanzu, a 1716, zamanin Sarki George na ɗaya, kamfani biyu ne kacal kowanne mutum 100, ba su san wata roka mai linzami ba, sunan ne ya yi ta buɗewa yana ɗaukar sabbin kaya. To me zai hana tamu ta buɗe? Na rubuta rundunar igwa, sojan cikinta kuma ɗan igwa.

Af, 'yan Arsenal, wannan igwar da ke ƙirjin rigarku daga Woolwich ɗin nan ta fito, ma'aikatan masana'antar makamai ta wurin ne suka kafa kulob ɗin a 1886, har Gunners ɗin da kuke tinƙaho da shi laƙabin sojojin nan ne tun asali.

Ta biyu ita ce colours, kuma nan ne na ga ɓarna, don na taɓa cin karo da wanda ya fassara ta da "launukan runduna". Subhanallahi. Tuta ce fa. Tutar da runduna ke fita daga da ita, wadda in hayaƙin albarushi ya rufe fili soja ya ɗaga kai ya hango ta ya san inda 'yan'uwansa suke, in kuwa abokan gaba suka ƙwace ta an shiga abin kunya na har abada. Mu da muke da ɗan tuta a harshenmu ba ma buƙatar dogon bayani. Sojan Birtaniya sun daina shiga yaƙi da ita bayan gumurzun Laing's Nek a Afirka ta Kudu a 1881, yanzu sai fareti.

Abin da ya burge ni shi ne 'yan igwa ba su da irin wannan tutar kwata-kwata. Igwar ita ce tutarsu. In an jawo ta a fareti ita ake sara wa, ba a zama a kanta, ba a jingina da ita. Shi ya sa barinta a hannun maƙiyi yake da ciwo haka. A Colenso, can Afirka ta Kudu, ranar 15 ga Disamba 1899, mayaƙan Boer, wato fararen fatar ƙasar masu tushe daga Holland, suka yi wa 'yan igwa ruwan harsashi har aka janye aka bar igwoyi 12 a fili, mutane suka riƙa sukuwa da dawaki cikin wuta don su jawo su, biyu kawai aka ceto, goma suka tafi, kuma cikin waɗanda suka rasa ransu a yunƙurin har da ɗan Lord Roberts, babban hafsan sojan Birtaniya. Ka ga in ka ce "launuka" a nan ai ka kashe labarin gaba ɗaya.

Yanzu ta ukun, wadda ita ce ta hana ni barci: battle honours. Sunayen wuraren da runduna ta gwabza ne, sarki ya amince a ɗinka su a jikin tuta, Waterloo, Alma, da sauransu. Na fara da "lambar yabo" na goge, don lamba mutum ɗaya ake rataya wa a ƙirji, wannan kuwa ta runduna ce duka har waɗanda ba a haifa ba lokacin yaƙin. "Karramawar yaƙi" ta yi kama da takardar ofis. Wata baiwar Allah ta kawo "shaidar daga", ba laifi, ta yi ma'ana, amma a bakina ba ta da zafi.

Ni kirarin daga na fi so. Ku duba mana, me kirari yake yi in ba lissafo inda namiji ya tsaya da wanda ya kayar ba? Kuma ga inda ta zauna daram: tunda 'yan igwa ba yaƙin da ba a je da su ba, jerin nasu ba zai shiga kowane ƙyalle ba, sai Sarki William na huɗu, wanda ya hau gado a 1830, ya ba su kalma ɗaya ta Latin a madadin duka, Ubique, wato "ko'ina". Wallahi wannan kirari ne tsantsa. Ina kuka yi yaƙi? Ko'ina. In ka kalli bajin hular, kambin sarauta ne a sama, sai Ubique a ƙarƙashinsa, sai igwa kan ƙafafunta a tsakiya, can ƙasa kuma ga wani rubutun, Quo Fas et Gloria Ducunt, kusan "duk inda gaskiya da ɗaukaka suka ja mu". Wannan na ƙasan shi na kira take, na saman kirari, don aikinsu ba ɗaya ba ne ko da yake baji ɗaya suke. Injiniyoyin sojansu ma kalmomin nan suke amfani da su, har ɗan gurneti mai harshen wuta da suke sawa a kwala, na 'yan igwa harshe bakwai, na injiniyoyi tara.

Wani malami ya ce min kirari na maroƙa ne da 'yan tauri bai dace da rubutun soja ba, to Malam, Allah ya ba ka haƙuri, sarakuna ma ana yi musu, na bar shi a haka.

Saura battery, rukunin igwoyi kamar shida zuwa takwas da mutanensu ƙarƙashin manjo. In na rubuta batir kowa zai ɗauka na waya ne. Na sa "rukunin igwa" da fensir tukuna, mai wadda ta fi ta ya ajiye min a ƙasa.