Zomayena na mutuwa bayan yaye: in koma ganye ne?

Mai tambaya, Jega: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina da zomaye uwaye 6 da namiji 1 a bayan gida. Tun da damina ta kankama, duk 'ya'yan da na yaye sai zawo da kumburin ciki, kwana biyu sun mutu. Wani mai shagon magani ya ba ni kafson amoksisilin na zuba musu a ruwan sha, sai abin ya ƙara muni, har uwa ɗaya na rasa. Yanzu an ce in bar antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta irin kafson nan, in riƙa haɗa zogale, tafarnuwa da darbejiya cikin dusa. Za su iya maye gurbinsa?

Wata hajiya, Argungu: Wa'alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri, ƙanena. Shekaru ina ba nawa busasshen zogale, kuma suna ƙiba. Amma abinci ne mai gina jiki, bai taɓa tayar mini da wanda ya kwanta ba. Darbejiya kuwa ɗan kaɗan, in ta yi yawa ɗacin yakan sa su ƙi cin abinci.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Birnin Kebbi: Malam, ina zargin kafson nan ne ya kashe maka uwar. Zomo da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa yake narkar da ciyawa. Amoksisilin, ampisilin, penisilin da linkomaisin in aka ba shi ta baki sukan share su, miyagun su yaɗu su saki guba. Abin da kaza ta jure, zomo bai jurewa. Ka daina yau.

Zawon 'yan yaye a damina sau da yawa koksidiyosis ne, wani ciwon hanji da ke yaɗuwa ta kashi. Shi kuwa, tafarnuwa ba ta warkar da shi, sai magani irin salfa ko toltrazuril, da awon likita. Ka kai kashinsu asibitin dabbobi a duba. Su tafarnuwa ba za su maye gurbin magani ga mara lafiya ba. Tarayyar Turai ma da ta hana zuba antibayotik cikin abinci don ƙibar dabbobi a 2006, ba ta hana jinyar mara lafiya da shi ba.

Wani dattijo, Zuru: Yaro, leƙa ƙarƙashin kejinka tukuna. Kashi na zubowa ƙasa ko suna kwance a kai? Kuma ɗanyar ciyawa mai raɓa kake ba su, ko?

Mai tambaya: Gaskiya ne Baba, da asuba nake yankowa in zuba musu, sai dusa da yawa. Ƙasan kejin katako ne.

Dattijon: To ka gani. Shanya ciyawar ta yi yaushi. Harawar wake da ta gyaɗa kada su yanke a keji, ka rage dusar. Ka cire katakon ka sa waya, kuma kada ka yaye su sai sun kai mako 6.