Yarinya na son likitanci a waje, ina za mu dosa?

Alhaji Kabiru Kwari: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema a kan 'yar wajena. Ta gama sakandare bana, WAEC ta yi kyau, amma makin JAMB bai kai wanda BUK ke ɗauka a likitanci ba, ita kuma ta kafe sai likita. Wani ejan ya ce zai samo mata gurbi a Cyprus cikin sati uku, har da ragin rabin kuɗin makaranta. Akwai filina na Ɗanbare da nake tunanin sayarwa. Ku da kuka yi karatu a waje, don Allah ku gaya min gaskiya kafin in sa hannu.

Malam Nura: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka fara tambayarsa wace Cyprus yake nufi, don biyu ce. Ta kudu tana cikin Tarayyar Turai. Ta arewa kuwa Turkiyya ce kaɗai ta yarda ƙasa ce, kuma ita ejan-ejan ɗinmu suka fi tura yara. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, in wani abu ya samu yarinya sai an bi ta Ankara. Tun 2020 Abike Dabiri-Erewa ta NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'ya wurin. Ragin rabin nan ma kada ya ruɗe ka, kusan duk ɗalibin waje ana yi masa, ba gwanintar ejan ba ce.

Alhaji Kabiru Kwari: Ikon Allah. Wallahi ban san biyu ba ce.

Dakta Maryam: Alhaji barka da dare, a gaida Hajiya. Ni ta ƙarshe zan faro maka. Duk inda ta karanta likitanci a waje, ranar da ta dawo ba za ta taɓa mara lafiya ba sai ta ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi. Bayan nan ta yi shekarar horo a asibiti, sannan bautar ƙasa. Jarrabawar nan tana kayar da mutane sosai, kuma waɗanda na ga ta fi wahalarwa su ne waɗanda suka yi shekara shida suna kallon mara lafiya daga nesa. A wasu makarantun ɗalibin waje ba ya jin yaren majinyata, sai ya tsaya a bayan malami ana ta magana ba ya fahimta, ya fito da takarda mai kyau amma bai taɓa sa wa yaro ruwa a jijiya ba. Ya zo nan a haɗa shi da zazzaɓin cizon sauro, sikila da jijjigar masu ciki, ka ga ai akwai aiki.

Saboda haka abu biyu za ka nema kafin zancen kuɗi. Sunan makarantar yana cikin kundin makarantun likitanci na duniya? Ana dubawa kyauta a intanet. Sannan tana da asibitin koyarwa nata, kuma da wane yare ake magana da marasa lafiya? In ejan ya fara kame-kame a kan waɗannan, ka riƙe kuɗinka.

Maman Hanifa: Dakta ke ba Sudan kika yi ba?

Dakta Maryam: Can na yi Anti, a Khartoum, kuma da ana zaman lafiya ita zan fara ambata. Cututtukansu irin namu ne, rayuwa da sauƙi, mace tana cikin mutuncinta. Amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 zancen ya ƙare. Kin tuna yadda aka kwaso yaranmu a motoci zuwa iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Waɗanda suke aji huɗu da biyar su suka fi ban tausayi, takardunsu na can, ga shi makarantun nan ba sa karɓar mutum a tsakiya da baki kawai. 'Yan Ukraine ma haka suka sha a 2022, har MDCN ta ce ba ta yarda da likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. Shi ya sa duk wanda ke waje nake ce masa ya riƙa karɓar sakamakonsa da hatimi duk ƙarshen shekara ya turo kwafi gida.

Yau in ni ce, Masar zan duba. Jami'o'in gwamnati irin Alƙahira, Ain Shams, Iskandariyya da Mansura. Da Turanci ake karatun, majinyata kuma Larabci, wanda yarinyar da ta yi Islamiyya ba za ta daɗe ba za ta kama, ko da yake Larabcin titi daban yake da na littafi. Tsarinsu yanzu shekara 5 ne da 2 na horo. Ana nema ta shafin gwamnatinsu kai tsaye, ga jirgi daga Kano zuwa Alƙahira.

Sani Wapa: Alhaji ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗan canji ne ni a kasuwar Wapa, amma iyayen ɗalibai kullum a gabana suke. Farkon 2023 dala a banki wajen naira 460 take, a nan Wapa ɗari bakwai da wani abu. Da aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Na ga dattijo da ya tura ɗa da lissafin tsohon farashi, ya zo da takardar makaranta a hannu, muka buga masa a kalkuleta, ya cire hula ya zauna a kan benci ya kasa magana. Yaron a aji uku ya dawo. Don haka kada ka yi lissafi da naira. Ka tambayi kuɗin shekara da dala, ka haɗa haya, abinci, sabunta izinin zama da tikitin hutu, ka ninka da shekarun gaba ɗaya. In filin shekara biyu kawai zai ɗauka, to ka san daga ina ta uku za ta fito. In kuma ka sayar, ka mai da shi dala ka ajiye a asusun dala, kada ka zuba a atamfa ka ce zai juya.

Alhaji Kabiru Kwari: Sani ka taɓo ni, abin da na yi niyya kenan 😄

Abdul Konya: Baba Alhaji ina wuni. Ga hanyar da ba sai an taɓa fili ba, ita na bi. Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları. Ana buɗewa 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu. Suna biyan kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikitin zuwa da na dawowa in an gama, da ɗan alawus duk wata. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21. Sauran fannoni kashi 70 suke nema, likitanci kuwa kashi 90, kuma duniya ce gaba ɗaya take rububi, don haka kada a sa rai ɗari bisa ɗari. Shekarar farko yaren Turkanci zalla za ta yi. Cikewa kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunanta ƙarya yake. Abin da zan ƙara, wajen zaɓen jami'o'i kada ta cika da Istanbul da Ankara kawai, kowa can yake so. Sai dai ta shirya wa sanyi, ranar da na fara ganin ƙanƙara a Konya da silifas na fita sallar asuba.

Maman Hanifa: Duk kuna ta zancen takarda da dala, ba wanda ya ce yarinya 'yar shekara 17 a wajen wa za ta zauna. Ni wannan ne nawa. Alhaji duk ƙasar da aka tsayar, a samu gidan da aka sani a garin, ko ɗakin kwanan mata na cikin makaranta mai mai gadi da lokacin rufe ƙofa. Kada a yarda da zancen su haɗu su huɗu su kama gida a gari a shekarar farko. Kuma kai ko yayanta wani ya raka ta ya ga wurin da idonsa. Akwai ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya a yawancin garuruwan nan, a nemi shugabar mata a yi magana da ita tun daga nan.

Injiniya Bashir: Ku yi haƙuri ni zan saɓa. Me ya sa ba za ta sake JAMB ba? Shekara ɗaya ce. A sa ta a lesin mai kyau, ta nemi BUK, ko ABU, ko Danfodiyo ta Sakkwato. Wanda ya yi horo a asibitin Malam Aminu Kano ya ga marasa lafiyar da ɗalibin Turai bai taɓa gani ba, kuma babu wata jarrabawar 'yan waje da ke jiransa. Waje a bar shi sai digiri na biyu, lokacin ta yi hankali, kuma a nan ne tallafi ya fi yawa.

Abdul Konya: Yaya Bashir ka manta yajin aikin ASUU na 2022? Wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abokaina da muka gama sakandare tare na riga su fita duk da shekarar yare.

Injiniya Bashir: Ban manta ba ƙanena. Amma yajin aiki jinkiri ne, ana dawowa a ci gaba. Wanda kuɗi ya yanke masa a aji uku fa, daga ina zai ci gaba?

Malam Nura: Ai ba sai an zaɓi ɗaya ba. Rajistar JAMB da ta Turkiyya kusan lokaci guda suke, ta yi duka biyun. Abin da dai zan roƙa, kada gajiya ta sa a ce bari a leƙa Kwatano. Kun tuna ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, da ya samo digiri a can cikin sati shida har ya shiga bautar ƙasa da shi? A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i biyar kawai ta sani a Benin, uku a Togo. Har waɗanda suka zauna suka yi karatun gaske abin ya shafa.

Mubarak: Salam, a gafarce ni in shigo da tawa tunda manya na kusa. Na gama injiniyanci a jami'ar Wudil da 2:1, na yi bautar ƙasa. Mastas nake so, Ingila ko Jamus?

Injiniya Bashir: Da kuɗinka ko da tallafi?

Mubarak: Yallaɓai wane kuɗi 😅

Injiniya Bashir: To cire Ingila da aljihunka. Bayan kuɗin makaranta akwai na lafiya fam 776 duk shekara, sai kuɗin da za su kwana 28 a asusu kafin biza, aiki kuma awa 20 ne a sati, ba ya biyan makaranta ko da wasa. Tun Janairun 2024 ma mai mastas na aji ba ya tafiya da iyali. In Ingila ce sai ta Chevening, tallafin gwamnatinsu, amma suna son shekara biyu ta aiki, kuma ka dawo gida shekara biyu bayan gamawa. Akwai tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, tunda fanninka ne, ka riƙa duba sanarwarsu. Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, sai wasu irin na jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 duk zango, amma biza sai ka kulle kuɗin zaman shekara a asusu, kusan yuro 12,000, in ba DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, ce ta ɗauke ka ba. Ni da zan ba ka shawara ɗaya, jami'ar KFUPM ta Dhahran ko jami'ar KAUST, duk a Saudiyya. Da Turanci ake karatu, suna ɗaukar nauyi, ga Umra kusa. Ka fara neman takardar sakamakonka daga jami'a yanzu, ita ce ke cinye lokaci.

Hajiya Rabi: Ƙarin bayani ga ku duka, tunda na yi wa yara biyu wannan zirga-zirgar. Ku baje takardu a tabarma ku duba suna harafi bayan harafi. Nawa ɗan WAEC ta rubuta Mohammed, NIN Muhammad, fasfo kuma aka sa sunan kaka a tsakiya. Sai da muka yi rantsuwar kotu da sanarwa a jarida, gurbin ya kusa wucewa. A gyara NIN kafin a je Farm Centre yin fasfo, don daga ita suke ɗauka. Sannan ƙasashe da yawa, har da Masar, suna son hatimin ma'aikatar ilimi ta tarayya, da na ma'aikatar harkokin waje, sannan na ofishin jakadancinsu, duk a Abuja, kuma a jere haka. Ba aikin yini ɗaya ba ne, a tafi da shirin kwana.

Guzuri kuma kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure a leda biyu. Kilishi in Turai ce a bar shi, ba sa barin nama ya shiga, a filin jirgi za a zubar.

Alhaji Kabiru Kwari: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Gobe zan karɓo sunan makarantar a rubuce in turo Malam Nura ya duba. Dakta in ba damuwa Hajiya za ta kawo miki ita ku yi magana, ta fi jin ta likita a kan tawa.

Dakta Maryam: Ba komai Alhaji, Asabar bayan la'asar ina gida. Ta zo da sakamakon WAEC da na JAMB ɗin.

Mubarak: Yallaɓai Injiniya, jarrabawar Turanci ta IELTS fa, in yi yanzu ko in jira?

Injiniya Bashir: Shekara biyu take aiki, kada ka yi ta ta mutu a aljihu. Fara fitar da makarantun da kake so ka ga me kowacce ke nema, wasu takardar shaida daga jami'arku cewa da Turanci ka yi karatu ta ishe su. Turo min sakamakonka ta gefe in gani.